Sauya Kamfanin Kyamara: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Ɗaukar Hoto na Damagaram

Kusan duk lokacin da masu sana'ar hoto suka haɗu a wajen biki ko a bakin shagon wankin hoto a nan Zinder, ba a daɗe ana hira sai wani ya ce shi kam ya gaji da kyamararsa, zai sayar ya koma wani kamfani. Mai Nikon yana hangen Canon, mai Canon yana hangen Sony, matasan da suka shigo sana'ar ta ƙofar bidiyo kuwa gani suke duk wanda bai riƙe kyamara marar madubi ba, wato sabuwar ƙira da aka cire mata madubin ciki da ake leƙa hoto ta cikinsa, an wuce shi. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan magana, daga yaran da suka koyi aiki a hannuna da abokan sana'a na Mirriya da Magarya da Matamai, na amsa su gwargwadon abin da na sani da abin da idona ya gani. Ra'ayina shi ne yawancin masu son sauya sheƙa ba su da bukatar yin haka, amma akwai waɗanda sauyawar ita ce daidai a gare su, kuma ya kamata mutum ya san a wane ɓangare yake kafin ya rabu da kayan da yake ciyar da iyalinsa da su.

Mene ne bambanci tsakanin sauya kamfani da sayen sabuwar kyamara kawai?

Bambancin yana wajen bakin da ake ɗaura gilashi, wato abin da aka fi kira objektif a wajenmu. Kowane kamfani yana da irin bakinsa, da faɗinsa, da ƴan ƙarafan da jikin kyamara yake magana da gilashi ta cikinsu. Nikon ya fito da bakinsa mai suna F tun 1959, Canon ya fito da EF a 1987, Sony kuwa, bayan ya sayi sashen kyamara na Konica Minolta a 2006, ya kawo bakin E a 2010. A 2018 Nikon ya ƙara bakin Z, Canon ya ƙara RF, dukansu domin kyamarori marasa madubi. Gilashin wannan gida ba ya hawa jikin wancan gida kai tsaye.

Saboda haka wanda yake da Canon 600D ya sayi 80D, jiki kawai ya sauya. Gilasansa duka za su hau, filash ɗinsa zai yi aiki, hannunsa ya riga ya san inda maɓallai suke. Wanda ya bar 600D ya koma Sony kuwa, tashi ya yi daga gida da kayansa kaf. Jikin kyamara shi ne abin da ya fi saurin tsufa da faɗuwar daraja, gilashi mai kyau kuma yana iya yin shekara ashirin yana aiki. Duk wanda ya daɗe a sana'a, in ya zauna ya lissafa, zai tarar mafi yawan dukiyarsa tana cikin gilasai da fitilu da batura ne.

Hotunana za su fi kyau idan na koma wani kamfani?

Ga irin aikin da yawancinmu muke yi, da wuya mai hoto ya ga wani bambanci, ballantana mai biyan kuɗi. A duba inda hotunanmu suke ƙarewa. Hoton kati ko na fasfo faɗinsa milimita 35 ne, tsawonsa 45. Hoton biki na yau da kullum, mai santimita 10 da 15, megafiksel 2, wato ɗigon hoto miliyan biyu, ya ishe shi ya fita tas a wajen wanki. Wanda za a sa a firam mai girman takardar A4 yana bukatar abin da bai kai megafiksel 9 ba. Sauran kuwa ta WhatsApp ake aika su, kuma in ba a tura su a matsayin fayil ba, manhajar tana matse su ta rage musu nauyi kafin su isa wayar amarya. Tsohuwar Nikon D3200 tana da megafiksel 24, Canon 600D tana da 18. Duk sun wuce abin da ake bukata nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani abu da masu gardamar kamfani ba su cika faɗa ba: farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, wato sensa, Sony ne yake ƙera shi a cikin kyamarorin Nikon da dama da na wasu kamfanoni. Bambancin da ido yake gani ya fi fitowa daga girman sensar da shekarun da aka yi ta, da kuma gilashin da ke gabanta. Babbar sensa, mai milimita 36 da 24, ta fi ƙarama jure ƙarancin haske, kuma kowane ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan uku yana da manya yana da ƙanana.

Sau da yawa yaro yakan zo mini da hotunan kai amarya da ya ɗauka da dare a wani lungu na Birni, sun yi duhu sun yi yashi, ya ce kyamarar ce ba ta da kyau. In na duba sai in tarar gilashin da ya zo da kyamarar ne a kai, mai milimita 18 zuwa 55, wanda in an jawo shi ƙarshe buɗewarsa, wato faɗin ƙofar da haske yake shiga, ba ta wuce f/5.6. Gilashi mai milimita 50 da buɗewa f/1.8 yana shigar da hasken da ya ninka na wancan kusan sau goma, kuma yana cikin mafi arha a Canon da Nikon da Sony baki ɗaya. Wannan gilashin da filash ɗaya da aka koyi harba shi a jikin bango ko rufi maimakon cikin fuskar mutane za su gyara hotunan dare fiye da yadda sabon suna a goshin kyamara zai gyara su.

Gaskiya ne Canon ya fi fitar da kalar fatarmu?

Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, kuma tana da ɗan tushe. Kowane kamfani yana da yadda yake sarrafa kala a cikin hoton JPEG, wato wanda kyamara take gamawa da kanta, kuma mutane da yawa suna son ɗumin da Canon yake ba fata. Wanda ba ya gyara hoto a kwamfuta, yana cire kati ya kai wajen wanki kai tsaye, zai iya lura da wannan. Sai dai abin da ya fi ɓata kalar baƙar fata a wurinmu haske ne: fitilar sola mai shuɗi-shuɗi a gefe ɗaya, ƙwan lantarki mai ja a ɗaya gefen, ga rumfar tamfol mai kala tana zuba launinta a fuskar kowa. Ga kuma farar shadda da rana tsaka, wadda take ruɗar ma'aunin hasken kyamara ya rage haske har fuskar ango ta nutse. Babu kamfanin da ya tsira daga wannan. Maganinsa shi ne a daidaita fari da hannu kafin a fara aiki, a auna haske a kan fuska, kuma a manyan ayyuka a ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin a samu damar gyara daga baya. Wanda ya iya wannan zai fitar da fata mai kyau da kowace kyamara.

Ina asarar take, tunda zan sayar da tsofaffin kayana in cika in sayi sababbi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin a nan ne lissafin mutane yake karkacewa. Mai son sauyawa yakan ɗauki kuɗin sabon jiki ya cire abin da yake fatan samu a tsohon, ya ce abin da ya rage shi ne kuɗin sauyawa. Ga abubuwan da yake mantawa.

Na farko batir. Batirin LP-E6 na Canon yana aiki a 60D da 70D da 80D da 6D da 7D da jerin 5D tun daga Mark II, har sababbin R5 da R6 suna karɓar irinsa. EN-EL15 na Nikon yana shiga D7000 da D7100 da D750 da D850, kuma Z6 ma danginsa take ci. Wanda ya tara batura huɗu ko biyar da caja biyu a cikin gida ɗaya yana iya hawa daga ƙaramar kyamara zuwa babba bai sake sayen ko ɗaya ba. Ranar da ya sauya kamfani, dukansu sun zama kayan kyauta.

Na biyu filash. Canon da Nikon da Sony kowanne yana da yaren da kyamara take auna hasken filash da shi, shi ya sa ake ganin harafin C ko N ko S a jikin filash ɗin Godox. Na C zai iya harbawa a kan Nikon idan an saita ƙarfinsa da hannu, amma ba zai auna haske da kansa ba. Sauƙin da ke nan shi ne mai fitilun Godox na situdiyo ƴar na'urar da ake ɗorawa a saman kyamara kawai zai sauya, fitilun su ci gaba da aiki.

Na uku kati da kwamfuta. Nikon Z6 ta farko ba ta cin katin SD da muka saba da shi, sai XQD ko CFexpress, masu tsada da wuyar samu a kasuwanninmu. Fayil ɗin RAW ma kowa da nasa: Canon yana da CR2 da CR3, Nikon NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF. Tsohon Photoshop ko Lightroom da ke cikin kwamfutar shago ba zai buɗe RAW na kyamarar da ta fito bayansa ba, sai an sabunta shi ko an bi ta DNG Converter, wanda Adobe yake bayarwa kyauta. Idan kuma sabuwar kyamarar tana ɗaukar bidiyo 4K, wato mai girman hoto da nauyin fayil sosai, to tsohuwar kwamfutar za ta fara tsayawa, sai a shiga maganar sayen wata.

Na huɗu, kuma mafi zafi, kasuwar sayarwa. Masu sayen kayan hoto na hannu a Zinder ƙalilan ne, kuma duk mun san juna. Ranar da aka ji mutum yana gaggawar sayarwa domin ya cika kuɗin wata kyamara, an san zai sallama a kowane farashi. Gilashin da ya sha wahala kafin ya same shi zai tafi a abin da bai taka kara ya karya ba, sannan ya je ya sayi takwaransa na sabon kamfani a cikakken farashi. Na ga wanda ya rabu da gilasai uku masu kyau ya koma da jiki sabo fil da gilashi ɗaya tak, ranar hawan Sallah ya tsaya a ƙofar fada ba shi da abin da zai jawo dawaki daga nesa, yana kallon abokansa suna aiki.

Adafta ba za ta raba gardama ba?

Tana rabawa a wasu wurare. Dalilin da ya sa ake iya yin adafta shi ne tazarar da ke tsakanin baki da sensa. A kyamara mai madubi tazarar tana da tsawo saboda madubin yana bukatar wurin motsi: milimita 44 a Canon EF, 46.5 a Nikon F. A marar madubi gajera ce: 18 a Sony E, 20 a Canon RF, 16 a Nikon Z. Adafta zobe ce da ke cike wannan giɓi, shi ya sa tsohon gilashi yake hawa sabon jiki, amma gilashin marar madubi ba ya komawa kan mai madubi.

A cikin gida ɗaya adafta tana aiki sosai. Gilasan EF a kan jikin RF ta adaftar Canon suna yin fokas kamar yadda suka saba, wani lokaci har su fi. Adaftar FTZ ta Nikon ma haka, sai dai tsofaffin gilasan AF-D, waɗanda ba su da inji a cikinsu, ba za su yi fokas da kansu ba, sai da hannu. Tsakanin gida da gida kuwa, kamar ɗora gilashin Canon a kan Sony ta Sigma MC-11 ko Metabones, abin yana yiwuwa, kuma ga hoton situdiyo inda mutum yake zaune ya wadatar. A wajen da ake gudu, kamar filin kokowa ko sukuwar dawaki, ko a cikin bidiyo, fokas ɗin yakan yi jinkiri ko ya riƙa kai-komo, kuma ya danganta da irin gilashin. Kada kowa ya gina shirinsa a kan adafta sai ya gwada ta da gilashinsa na kansa.

An ce kyamara mai madubi ta mutu. Ba gara in fita tun da wuri ba?

Gaskiya ne manyan kamfanoni sun mai da ƙarfinsu ga marasa madubi. Shugaban Canon ya faɗa a ƙarshen 2021 cewa 1D X Mark III ita ce ta ƙarshe a jerin manyan kyamarorinsu masu madubi, Nikon ma tun bayan D6 da D780 na 2020 hankalinsa yana kan jerin Z. Amma daina ƙera sabuwa ba ya kashe wadda ke hannu. Abin da ya faru ma shi ne masu hoto a Turai da Amurka da Japan suna ta sayar da masu madubinsu da gilasansu, kayan suna gangarowa kasuwannin hannu da sauƙin kuɗi. Ga mai hoto na Damagaram wannan dama ce: jiki irin 5D Mark III ko D750, wanda a da sai dai a gani a hannun manya, yanzu ya matso kusa.

Kuma ko da mutum ya ƙudura komawa marar madubi, wannan ba ya tilasta masa barin kamfaninsa, tunda ga adaftar gida. Mutum ɗaya ne nake ganin yana cikin tsaka mai wuya, shi ne mai Canon jerin M, kamar M50. An daina wannan jeri, kuma gilasansa na EF-M ba sa hawa RF ko da adafta. Shi kam duk inda ya nufa sabon farawa ne, saboda haka yana da ƴancin duba kowane gida.

Wace kyamara ta fi jure zafinmu da ƙurarmu da yankewar wuta?

Idan aka buɗe littafin kusan kowace kyamara, za a ga an rubuta cewa an yi ta ne ta yi aiki daga digiri 0 zuwa 40. A watannin Afrilu da Mayu zafin Zinder yana wuce 40 a inuwa, kuma baƙin jikin kyamara da ke rataye a rana ya fi haka zafi. Ga hoto wannan bai cika kawo matsala ba. Ga bidiyo mai tsawo, musamman 4K a ƙaramin jiki marar madubi, kyamara tana iya nuna alamar zafi ta kashe kanta ana tsakiyar ɗaurin aure. Wannan ya fi alaƙa da girman jikin da irin bidiyon da aka zaɓa, kuma ana samunsa a kamfanoni daban-daban. Gwajin da aka yi a ɗaki mai sanyi a wata ƙasa ba ya gaya mana yadda za ta yi a rumfar biki a Zango da ƙarfe biyu na rana.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar marar madubi. A mai madubi, in an cire gilashi, madubi da labule, wato murfin da ke buɗewa ya rufe yayin ɗaukar hoto, suna kare sensa. A marasa madubi da yawa sensar a buɗe take, ƙura tana sauka kanta kai tsaye, sai a ga ɗigo-ɗigo a sararin samaniya a kowane hoto. Wasu, kamar Canon EOS R, suna rufe labule idan an kashe su, Nikon Z8 da Z9 kuma suna da murfin kariya. Ni dai a lokacin hunturu ba na sauya gilashi a fili ko da wace kyamara ce, sai na shiga ɗaki ko mota, kuma bakin kyamarar yana kallon ƙasa.

Wajen batir, mai madubi ta fi ƙarko, domin tagar leƙawarta madubi ce kawai, ba ta cin wuta. A ma'aunin da kamfanonin suke bi, Nikon D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, Sony a6000 kuwa 360. Sony ya gyara wannan da babban batirin NP-FZ100 da ke cikin a7 III ta 2018, wadda take kai wajen 700. Abin da marasa madubi suka fi da shi shi ne da yawansu ana iya yi musu caji ta wayar USB daga bankin caji na salula ko daga farantin sola, abin da yake da amfani ga wanda aka ɗauka aiki ƙauye kwana biyu babu wuta.

Ni aikina ya fi karkata ga bidiyon biki. Shin ni ma in zauna inda nake?

A nan ne amsata take sauyawa. Yanzu iyalan amarya da yawa bidiyo suke fara tambaya kafin hoto, kuma a bidiyo ci gaban da aka samu na gaske ne, mai biyan kuɗi yana ganinsa. Tsofaffin masu madubi da yawa suna tsayar da ɗauka kafin minti 30, wasu ma tun kafin haka. Yawancin masu madubin Nikon, kafin D780, fokas ɗinsu a bidiyo yana ta neman fuska yana ɓata, har a ji ƙarar gilashi a cikin sauti. Sababbin marasa madubi suna kama idon mutum su bi shi yana tafiya, kuma da yawa suna da na'urar hana rawar hannu a cikin jiki: Sony ya sa ta a a7 II tun 2014, Nikon a Z6 da Z7, Canon kuwa sai a R5 da R6 a 2020. Wanda yake bin amarya daga ɗaki zuwa mota da kyamara a hannu ya san darajar wannan.

Duk da haka a fara duba cikin gida. Canon yana da fokas ɗin bidiyo mai kyau, Dual Pixel, tun 70D ta 2013, don haka mai 600D yana iya samun abin da yake nema a 80D ko a jerin R ba tare da ya zubar da gilashi ko ɗaya ba. Mai Nikon yana da jerin Z. Idan kuma kayan mutum duka jiki ɗaya ne da gilashin da ya zo da shi, to babu abin da ya ɗaure shi, kuma Sony yana da wani abin jan hankali: tun 2011 ya buɗe wa masu ƙera gilashi bayanan bakin E, shi ya sa ake samun gilasan Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox masu yawa kuma masu rangwame a kansa. Canon sai a 2024 ya ba Sigma da Tamron izinin yin gilasan RF masu fokas, kuma ya fara da na ƙaramar sensa. Ga matashin da yake gina kayansa a hankali daga kuɗin aiki, wannan dalili ne mai nauyi.

Me ya sa kake yawan cewa a duba abin da abokan aiki suke riƙe da shi?

Domin a garinmu babu wakilin kamfanin kyamara da za a kai wa gyara ko a nemi kayan maye a wajensa. Yamai tana da nisan kusan kilomita 900, Kano ta fi kusa, wajen kilomita 240, kuma can ne yawancin kayanmu da gyaranmu suke zuwa. Waɗanda suke cikin sana'a a 2023 sun ga yadda abin ya kasance da aka rufe iyaka: ƙaramin abu kamar caja ko murfin batir ya zama abin nema. A irin wannan hali, abokin sana'a shi ne shagon kayan gyara. Batirinka ya mutu ana tsakiyar walima, ka aika yaro a kan babur ya karɓo na wani. An ba ka aikin saukar Alƙur'ani da na biki rana ɗaya, ka ari jiki na biyu. Gilashinka ya faɗi, ka yi mako guda da na maƙwabcinka kafin naka ya dawo daga Kano.

Duk wannan yana yiwuwa ne idan kayanku iri ɗaya ne. Fujifilm da Panasonic da OM System, wanda ya gaji sashen kyamarar Olympus, suna yin kyamarori masu kyau ƙwarai, ba ni da abin zargi a kansu. Sai dai wanda ya zama shi kaɗai ne mai irinsu a unguwa, ranar da wani abu ya lalace shi kaɗai zai ji da shi. Kafin mutum ya zaɓi gida, ya ƙirga mutum nawa zai iya buga wa waya da ƙarfe tara na dare su ba shi aron abin da zai hau kyamararsa.

Wane lokaci hannu yake ɗauka kafin ya saba?

Makonni ne, ga wanda yake aiki kullum. Nikon da Canon hatta juyin ɗaura gilashi da na jawo hoto a saɓe suke, abin da wannan yake juyawa dama wancan hagu yake juya shi. Jerin saiti ma kowa da tsarinsa. Kada a shiga da sabuwar kyamara a makonnin da biki ya yi yawa, ko ana jajibirin Sallah ko Wasan Kara, domin lokacin da mutum yake laluben maɓalli, abin da aka biya shi ya ɗauka ya riga ya wuce.

Maigida, na auna duk wannan, kuma na ga sauyawar ce ta dace da ni. Ta ina zan fara?

Ka fara da rubuta aikin da kyamararka ta yanzu ta jawo maka asararsa, da sunansa da ranarsa, sannan ka tabbatar wadda kake hange tana magance wannan matsalar kanta. Ka nemi mai irinta ka biya shi ya ba ka ita ka yi aiki ɗaya cikakke, da rana da dare, ka kai hotunan wajen wankin da ka saba ka gani a takarda. Kada ka sayar da tsohuwar sai sabuwar ta yi wata biyu ko uku tana aiki lafiya; in hali ya yi ma ka bar ta da gilashi ɗaya ta zama ta ko-ta-kwana, ko ka riƙa ba yaronka yana fita ƙananan ayyuka da ita. Gilasai kuma ka sayar da su ɗaya-ɗaya, sun fi kawo kuɗi a haka fiye da a jimla.

Idan ta hannu za ka saya, ka je da katinka da kwamfuta ko waya. Ka binciki adadin hotunan da ta harba, domin labulen ƙananan kyamarori yawanci an auna shi a wajen harbi 100,000, na irin D750 da 5D Mark III kuma 150,000. Nikon yana rubuta wannan adadi a cikin bayanan kowane hoto. Ka ɗauki farar takarda ko sarari da buɗewa f/16 ka duba ko akwai ƙura ko tabo a sensa. Ka haska gilashi da tocila ka nemi farin zare-zaren da danshi yake haifarwa a ciki, wanda ake yawan samu a kayan da suka fito daga garuruwan bakin teku. Ka gwada ramin kati da wajen ɗora filash da na makirfo. In aikinka biki ne, ka fifita jiki mai ramin kati biyu, kamar D750 ko a7 III ko R6, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi idan kati ya lalace.

Ka duba kuma harshen da ke cikin jerin saiti, domin wasu kyamarorin Sony da aka yi don kasuwar Japan Japananci kawai suke nunawa, babu Faransanci babu Turanci. Kada sunaye su ruɗe ka: Canon 600D ita ce Rebel T3i a Amurka, ita ce Kiss X5 a Japan, kyamara ɗaya ce. Idan daga Amurka ta fito, ka shiga saitin bidiyo ka mai da ita PAL, mai hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, domin wutar Nijar tana tafiya a kan 50 ne, in ba haka ba za ka ga bidiyon da ka ɗauka a ƙarƙashin fitilun lantarki yana ƙyafta-ƙyafta. A cikin kuɗin da ka ware, ka cire na batura biyu na asali da na kati mai sauri tun kafin ka fara ciniki, kuma in a Kano za ka saya, ka tambayi canjin sefa da naira a safiyar ranar da za ka biya.